Farin Dutsen Gidan Hammu

Tagunt, farkon watan Yuli

Zuwa ga matata Itto,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya ƙarfin jiki, yaya ƙugun? Ina fata zafin ɗinkin ya lafa, kuma kina taka ƙafar yadda likita ya ce, ba yadda kika ga dama ba. Ki gaishe min da ƙaninki da iyalinsa, Allah ya saka musu da ɗawainiyar da suke yi da ke a Beni Mallal. Mu nan lafiya lau. Sha'ir ya nuna, rafi ya ja baya, tuffa ta fara ja a gefe ɗaya.

Na ba direban motar kasuwa wannan takarda, domin wayarmu sai na hau rufin masallaci take kamawa, in ta kama kuma ba abin da nake ji daga gare ki sai "me ka ce?" Gara in rubuta. Ai ba a banza muka zauna ajin dare da furfurarmu ba. Kin fi ni karatu, ki yi haƙuri da rubutun.

Itto, jikarmu Yamna ta fara dariya. Ba irin murmushin barci da kika bari ba, dariya sosai mai sauti, har da shure-shure. In na ce mata "Inna" sai ta juyo, kamar ta san sunan uwata aka sa mata. Jiya ta kama gemuna ta ƙi saki, ni kuma na ƙi ƙwacewa, haka muka zauna har shayi ya huce. Ban san akwai sauran irin wannan daɗin da ya rage min a duniya ba.

'Yarmu Tuda kuma ta koma hawan dutse. Da asuba muke fita, ita da mijinta Nabil da ni da alfadari, mu je ƙananan duwatsun bakin rafi tun rana ba ta same su ba. Ta shayar da yarinya, ta miƙo min, ta ɗaura igiya ta hau, Nabil yana riƙe mata daga ƙasa. Ta sauko ta sake shayarwa, sannan shi ya hau. Nabil, mutumin Kazablanka, ya sayo wata jakar goyo mai madaurai kamar sirdin doki, na duba ta sama da ƙasa na mayar masa, na ɗauko mayafinki na ulu. Da shi nake goyon. Matan da ke zuwa wanki suna yi min dariya, ni ko a jikina.

Ranar farko 'yarmu ta sauko tana cewa jikin nan ba nata ba ne, aro aka ba ta. A mako na uku ta wuce Nabil a tsagin da ya fi wuya, ta leƙo daga sama ta ce masa, "Malam, ko in aiko maka da tsani?"

Abu ɗaya ke ɓata min rai, kuma kin san ko wane ne. Hammu. Kin tuna abin da ya ce a gaban mutane ranar suna, da naman ragonmu a bakinsa: wai dutse ya gama da Tuda, ta ɗaura igiyar hawanta a tsakar gida ta riƙa shanya ƙyallen jariri. Shekaranjiya ya wuce mu a kan jakinsa ya sake faɗa. Ya gina wata rumfar shayi a bakin kwazazzabonsa don masu hawan dutse, ba mai zuwa, shi ya sa yake jin haushin baƙin da ke sauka a wajenmu. Na ƙyale shi saboda yarinya na barci a bayana. Amma na ajiye.

Ranar Alhamis za su hau babban dutsen nan, Jan Bango, karon farko tun da ta sami ciki. Su tashi da asuba, su sauko ta Gadar Awaki, azahar ta yi musu a gida. Za ta tatsar min nono a kwalba. A ƙarshen wata akwai baƙi daga Rabat da za ta jagoranta, tana so ta gwada kanta tukuna. Ki sa su a addu'a.

Na bar ki lafiya. Ki ci abinci.

Mijinki,
Bassu

Tagunt, ranar Asabar

Itto,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta mutanen gidan, bari in fara da abin da zuciyarki za ta nema: kowa yana raye, kowa yana gida, Yamna tana barci a gefena yanzu haka. Ki zauna sannan ki ci gaba da karantawa.

Sun fita ranar Alhamis kamar yadda aka shirya. Kafin hantsi ya yi nisa Yamna ta shanye kwalbar, ban damu ba, na ce uwarta na hanya. Dab da azahar gajimare ya taso daga bayan tsauni, irin baƙin nan na tsakiyar zafi, ya sauko ya rufe Jan Bango har rabi. Aka yi ruwa da ƙanƙara. Azahar ta wuce, ba su ba labarinsu.

Yarinya ta fara kuka. Na ɗuma madarar akuya na ba ta da cokali, ta tofar. Na gwada ruwa da sukari, ta ƙware har ta yi ja. Na goya ta, na sauke, na yi mata waƙar da kike yi wa Tuda, na zaga gida da ita har ƙafafuna suka gaji. La'asar ta wuce. Kukan ya daina zama kuka, ya koma wani abu kamar na ɗan akuyar da aka manta a waje, muryar ta dishe, bakin kawai ke buɗewa. Ina tsaye a ƙofa, ido ɗaya a kan dutsen da ba na gani, ɗaya a kan yarinyar da na kasa ciyarwa. Ba na fatan maƙiyina ma ya tsaya inda na tsaya. A'a, na janye. Akwai mutum ɗaya da nake yi wa fatan haka.

Ana cikin haka sai ga Rabha, matar ɗan Hammu, da jaririnta Idir a baya, jiƙe sharkaf. Ko sallama ba ta yi ba. Ta ce, "Baffa Bassu, tun daga rafi nake jin ta. Kawo ta nan." Ba zan ɓoye miki ba, na ɗan ja da baya. Ta ce, "Faɗanka ne da surukina, ita wannan me ta sani? Kawo." Na miƙa. Ta juya baya ta zauna a kan buhun sha'ir. Gidan ya yi tsit, ba ka jin komai sai haɗiyar yarinya. Na fita wajen alfadari don kada ta ga fuskata.

Bayan magariba suka iso, kuma ba ta hanyar gada ba. Ta kwazazzabon Hammu suka ɓullo, wancan dogon zagayen da ko makiyayi ba ya bi sai dole. Nabil yana ɗingishi, Tuda gwiwa a fashe, gaban rigarta ya jiƙe da ruwan sama da nono. Ta ce da suka kai sama gajimare ya rufe su, ba ta ganin abin da ya wuce tsawon hannunta, sai ta bi tulin duwatsun alama ɗaya bayan ɗaya kamar yadda muka koya mata tun tana ƙarama. Suka kai ta hagu. Kafin ta gane sun yi nisa, komawa a kan jiƙaƙƙen dutse kuma ganganci ne.

Kin san a ina hanyar ta fito da su? A ƙofar rumfar Hammu. Yana zaune da mutane, ya ɗaga butar shayi ya ce, "A'a, 'yar Bassu ce ta ɓata a dutsen ubanta? Zo ki sha shayi, mai jego." Ta wuce da gudu.

Da ta karɓi Yamna ta ji muryarta, sai ta zauna a ƙasa. Ta ce haihuwa ta cinye mata kai, uwa ta gari ba ta barin 'yarta da yunwa don ta je wasa da dutse. Jiya da safe na fito alwala, sai na ga igiyar hawanta, shuɗiyar nan da ta yi shekara tana so kafin ta samu, a ɗaure tsakanin itatuwan tuffa biyu. Ƙyallayen Yamna a kai, suna ɗiga. Ta ce wa Nabil ya nema wa baƙin Rabat wani jagoran.

Itto, ban yarda kanta ne ya ɓace ba. Ubana ne ya jera duwatsun nan, kuma ubana bai taɓa tura kowa hagu ba. Gobe zan hau in gani, ko gwiwoyina sun so ko sun ƙi.

Kada ki ce za ki taso. Ki warke tukuna.

Naki,
Bassu

Tagunt, tsakiyar Yuli

Matata Itto,

Ina gaishe ki, ina gaida masu jinyarki. Na sami saƙonki a bakin direba, ya ce kin ce in ji tsoron Allah kada in yi abin da za a kai ni gaban alƙali. Na ji. Ina fata ƙafar tana ƙara sauƙi. Muryar Yamna ta dawo, har ta fi da.

Na hau. Na bi ta Gadar Awaki, na huta sau da yawa, ba sai kin tambaya ba. A mararrabar da ke can sama na tarar da duwatsun ubana a warwatse, an shure su da ƙafa. Wani sabon layi ya miƙe hagu. Kin san yadda gidanmu ke jerawa, fallen dutse a tsaye bisa tulin, hancinsa na nuna inda za ka sa ƙafa. Waɗannan sababbi kuwa, kowane ɗaya da farin dutse a kansa kamar hula. Gida ɗaya ne a kwarin nan ke ɗora farin dutse, tun kakanninsu. Hammu ya hau da jakinsa ta ɓangarensa mai sauƙi, ya juya hanya don masu saukowa su faɗa rumfarsa, kuma hannunsa ya yi abin da ya saba bai ma sani ba. Na ɗauki ɗaya na sa a aljihu. Da shi nake kwana.

Ba zan yi miki ƙaryar cewa na yi haƙuri ba. A hanyar saukowa na ƙona rumfar nan a zuciyata, na sake gina ta na sake ƙonawa. Na yi tunanin toshe masa ruwa ranar da rabon ban ruwan gonarsa ya zo, in bar masararsa ta bushe yana kallo. Ranar Juma'a sahunsa na gaban nawa, ƙeyarsa kawai nake gani, ban san me liman ya karanta ba. Allah ya yafe min sallar, amma ban yafe wa Hammu ba.

Na nuna wa Tuda dutsen, ina zaton za ta miƙe. Ta juya shi a hannu ta mayar min. Ta ce, "Ko shi ne, Baba, ni ce na tafi na bar ta." Ta koma wanki. Nabil yana fita shi kaɗai da safe ya dawo da wuri, ya ce hawa ba daɗi in ba mai yi masa gori daga sama. Igiyar tana nan inda take, rana tana cin ta. Duk mai wucewa sai ya kalla. Hammu ya wuce sau biyu.

Na kai ƙara wajen mai gari. Za a zauna Juma'a mai zuwa. Abin da nake so shi ne a hana garkensa shiga makiyayar sama idan an buɗe ta bana. Ya yi ta sayen ciyawa har ya sayar da rumfar da jakin, awakinsa su rame ya riƙa jin kukansu da yamma kamar yadda na ji na jikata.

Sai dai liman ya tare ni a hanya ya ɓata min lissafi. Ya ce, "Bassu, ka san Rabha ta shayar da Yamna?" Na ce a gabana aka yi. Ya ce to ko sau ɗaya ne ya wadatar, Yamna da Idir 'yan'uwa ne har abada, Rabha uwarta ce, mijin Rabha ubanta ne. Na ce Hammu fa? Ya yi murmushi ya ce, "Kaka ne, kamar kai." Itto, na so ƙasa ta tsage. Jikar da na goya da mayafinki, yanzu wai mun yi tarayya a kanta da wannan mutum.

Ki ba ni shawara, amma ki sani ba lallai in ɗauka ba.

Mijinki da ke kewarki,
Bassu

Tagunt, ƙarshen Yuli

Zuwa ga Itto, uwar Tuda, kakar Yamna,

Sallama da gaisuwa. Na ji an ce kin taka har bakin titi ba sanda, Allah ya ƙara lafiya. Ki sa a haɗa miki shayi mai kauri kafin ki karanta wannan, domin ni yau da daɗi nake rubutu.

An zauna a ƙofar masallaci bayan Juma'a, mata suna jikin katanga suna saurare. Na fito da farin dutsen na ajiye a tsakiyar tabarma, na faɗi inda na same shi. Hammu ya ce farin dutse a tsaunin nan ya fi awaki yawa. Sai yayansa, tsohon nan da ba ya gani sosai, ya laluba dutsen ya ce, "Kai Hammu, ko ɓarna za ka yi sai ka sa mata hular gidanmu?" Aka yi dariya har mai gari. Daga nan ya amsa. Wai ciniki kawai yake nema, bai yi zaton gajimare ba, bai yi zaton mai jego za ta hau ba.

Mai gari ya ce in faɗi abin da nake so. Maganar garken tana bisa harshena. Na ɗaga kai sai na hango Rabha da Idir a kafaɗa. Madarar awakin nan take sha, ita ta zama nonon da ya shiga cikin Yamna. Na haɗiye maganar, kuma ta yi min ɗaci.

Sai wata dabara ta zo min wadda ta fi. Na ce ya mayar da duwatsun da hannunsa, tun daga mararraba har bakin rafi, ta hanyar Gadar Awaki, kuma irin jerin ubana. Fuskarsa ta sauya. Kowa ya san rabonsa da gadar nan tun kafin ya ajiye tumbi. Ya ce shi bai san inda kowane tuli yake ba. Na ce gaskiya ne, sai an nuna masa, ni kuma gwiwoyina sun gama aiki. Mai gari ya ce wa ya sani bayan kai? Na ce mutum ɗaya ne. Duk maza suka juya wajen katanga.

A gida Tuda ta ce, "Baba, tarko ka ɗana min." Na ce eh. Ta ce ba inda za ta. Da yamma Rabha ta shigo, ta ɗauki Yamna kamar tata, ta ce, "Ki je, 'yar'uwa. In gajimare ya riƙe ki kwana biyu ma, wannan ba za ta ji yunwa ba, ai tana da uwa a ƙasa. Ki dai dawo min da tsohon, ko rabinsa ne." Da asuba na fito, na ga ƙyallayen a bisa katanga, tsakanin itatuwan tuffa babu komai.

Rabin gari ya hau rufi. Ni na ari madubin hangen nesa na Nabil, na zauna a rufinmu da Yamna a baya, Rabha na gefe tana tsinke wake. Na gan su ƙanana a jikin jan dutsen, Tuda a gaba, Hammu a tsakiya, Nabil a baya. Ta tsaya ta nuna ƙasa da yatsa, shi ya durƙusa ya jera. Wani wurin na ga ta girgiza kai, ya rushe ya sake. Itto, na ci zuma a rayuwata, ban taɓa cin mai zaƙin wannan ba.

Sai suka kai gada. Kin san ta, itatuwa ne aka cusa a tsagin bango aka shimfiɗa falalen duwatsu a kai, faɗin tabarmar salla, ƙasa kuma ba komai sai iska. Tuda ta haye kamar tana tsakar gida. Hammu ya sa ƙafa ɗaya, ya leƙa, sai ya zauna ya rungume bango. Ya daɗe a haka. Dariyar ta tsaya min, don ban ce a kashe shi ba. Na ga Tuda ta dawo, ta kwance shuɗiyar igiya daga kafaɗa, ta ɗaura masa a ƙugu, ta maƙala a ƙusar bango.

Nabil ne ya ba ni sauran. Ya ce Hammu yana ta cewa, "'Yata, kada ki sake ni. Igiyar nan za ta ɗauke ni kuwa?" Ta ce, "Kwantar da hankalinka, Baffa Hammu. Igiyar shanya ce, ta saba da kaya masu nauyi." Ya ce har ƙanshin sabulu igiyar take yi. Da rarrafe ya haye, tana ja a hankali tana gaya masa inda zai sa hannu, kamar yadda za ta koya wa Yamna wata rana.

Kafin la'asar suka sauko ta cikin itatuwan tuffarmu. Gwiwoyin wandon Hammu sun yage, bai kalli kowa ba. Tuda ta karɓi 'yarta ta zauna shayarwa da ƙurar dutse a gashinta, ta ce wa Nabil ya kira mutanen Rabat ya ce su zo da takalma masu kyau.

Saura abu ɗaya. Jiya na je duba tulin ƙarshe na bakin rafi. Jerin ubana ne daidai, fallen dutse a tsaye yana nuna gidanmu. Amma a ƙarƙashinsa, a cikin tsagi, an cusa wani ɗan farin dutse kamar ƙwan kurciya. Na kira Tuda na nuna mata. Ta ce tana kallo Hammu ya sa, ta bar shi, na Idir ne, don in yaran sun girma su san hanyar tasu ce su biyu.

Ni ban yafe ba, kada ki ce na yafe. Na sa yatsa zan ciro shi, sai Yamna ta motsa a bayana, na fasa. Yana nan. In kin dawo zan ɗora ki a alfadari in kai ki ki gani, abin da kika ce shi za a yi. Ki dai yi sauri, haƙori ya fara leƙowa, kuma mayafinki ya kusa tsufa a bayana.

Allah ya dawo min da ke lafiya.

Mijinki,
Bassu